Yadda Ake Kula da Bindigar Farauta Tsakanin Ƙurar Hunturu da Laimar Damina

Ba yawan harbi ke kashe bindigar farauta ba. Mai baki ɗaya ta Baikal da ake ƙerawa a Izhevsk ta ƙasar Rasha, ko tsohuwar Simplex ta kamfanin Manufrance wadda ta bazu a ƙasashe rainon Faransa, duk an yi su ne don su ci dubban harsasai, uba ya bar wa ɗa. Abin da ke cinye su a wajenmu shi ne tsatsar damina da ƙurar hunturu, sai kuma hannun mai bindigar idan ya ɗauka yawan mai shi ne kulawa. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni takaici, domin mutum ne mai son kayansa, yana ɓata shi da hannunsa, a ganinsa gyara yake yi.

Da mai lasisi nake magana. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da danginta masu ɗuri ta baki, izininsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake karyawa a sa harsashi, lasisinta daga Sufeto Janar yake fitowa. Bindigogin yaƙi, da fistol, da mai watsa ƙwayoyi wadda ke ɗura wa kanta harsashi, suna rukunin da sai da izinin shugaban ƙasa. Dokar ta kuma ƙayyade waɗanda ke da ikon gyaran bindiga. Saboda haka abin da ke tafe shara ce da shafa mai da duba lafiya, aikin da ya rataya a wuyan mai bindiga. Inda aiki ya kai ga magyari mai izini, zan faɗa.

Kayan da za ka tanada

Sandar goge bututu ita ce kan gaba: ta katako, ko ta farin ƙarfe mai laushi, ko mai rufin roba. Kada ka yi amfani da rodi ko waya, suna kankare cikin bututu. Sai buroshin tagulla daidai da faɗin bakin bindigarka. Yawancin bindigogin mafarautanmu lamba 12 ne, faɗin bututunsu wajen milimita 18.5, to buroshin lamba 12 za ka nema. Sai tsummokaran auduga masu tsabta, tsohuwar singileti ta wadatar, ka yayyanka ta ƙanana. Sai tsohon buroshin haƙori, da tsinken sakace, da sukundireba wadda bakinta ya cika ramin kusa daidai. Wadda ta yi ƙanƙanta za ta zame ta ɓare kan kusar, daga nan kuwa kwancewa ta zama aiki.

Ruwa iri biyu ake buƙata, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne: mai narkar da dauɗa, da mai hana tsatsa da gogayya. Na farko, akwai na kanti irin su Hoppe's No. 9 da ake sayarwa tun 1903. Idan babu, kananzir mai tsabta yana yi. Na biyu, man bindiga irin Ballistol na Jamus, wanda aka haɗa a 1904 kuma ba ya cutar da katako ko fata. Idan shi ma babu, man keken ɗinki ya fi duk abin da za ka tsinta a gida. Ka ƙara da ɗan giris kamar cikin murfin kwalba, zai kai ka shekara.

Wurin aiki ya zama mai iska da haske, nesa da murhu da sigari. Kada a bar harsashi ko ɗaya a wurin.

Mataki na ɗaya: ka tabbata babu komai a ciki

Juya bakin bindiga inda babu mutum, babu dabba, babu bangon da wani ke zaune a bayansa. Yatsa nesa da kunama. Karya ta, ka zare harsashi idan akwai, ka leƙa mazaunin harsashin da ido, sannan ka zura yatsa ka taɓa. Mai baki biyu, baki biyun za ka duba. Harsashin da ka cire ka kai shi wani ɗaki tukuna ka dawo.

Ko kai ka ajiye ta jiya da hannunka, ka duba. Ko ka fita amsa sallama ka dawo, ka sake dubawa. Sau da yawa harbin kuskure a cikin gida daga bindigar da mai ita ya rantse babu komai a cikinta yake fitowa.

Mataki na biyu: raba ta uku

Bindigar karyawa gida uku take rabuwa. Akwai katakon gaba da ke ƙarƙashin bututu, wanda ke fita idan ka ja ɗan makullinsa. Bayan ya fita, ka tura maɓallin karyawa, ka sunkuyar da bututu a hankali yana hannunka, zai zame daga ƙugiyarsa. Abin da ya rage shi ne ƙota haɗe da uwar bindiga, wato ƙarfen da kunama da guduma da sifirin suke ciki.

Nan za ka tsaya. Kada ka buɗe cikin uwar. Sifirin da ke ciki a matse suke, ƙananan ƙarafan da ke riƙe guduma kuma da ma'auni aka daidaita su. Wanda ya kwance su a tsakar gida, ko wani abu ya ɓace masa a cikin rairayi, ko ya mayar da su a karkace bindiga ta riƙa tashi da kanta.

Mataki na uku: bututu

Dauɗar bututun bindiga mai watsa ƙwayoyi iri uku ce a kwance kan juna: baƙin hayaƙin albarushi, da robar da ke rungume da ƙwayoyi wadda ke narkewa ta manne, da darma. Roba da darma sun fi taruwa a wuri biyu, gaban mazaunin harsashi inda bututu ke fara tsukewa, da can kusa da baki. Idan ka ɗaga bututun ka leƙa ta hasken rana, za ka ga zane-zane masu toka-toka a tsaye. Su ne su.

Fara da busasshen tsumma, ka tura shi ya kwashe ƙura da yashi. Wannan matakin mutane kan tsallake, alhali a hunturu shi ne mafi muhimmanci, domin idan ka jiƙa yashi ka bi shi da buroshi, wasa cikin bututun kake yi. Kullum daga gindi ake shiga a fita ta baki, hanyar da harbi ke bi.

Sai ka jiƙa wani tsumman da mai narkar da dauɗa, ka bi bututun da shi, ka ajiye minti goma ya jiƙa. Bayan nan buroshin tagulla: tura shi har ya fita ta baki gaba ɗaya kafin ka jawo shi. Idan ka juya da shi a tsakiyar bututu, gashinsa zai lanƙwashe ya maƙale. Sau goma zuwa goma sha biyar ya isa. Ka bi da tsummokara busassu ɗaya bayan ɗaya. Na farko zai fito baƙi ƙirin, na uku toka-toka, ka ci gaba har ya fito kusan fari. Idan tsumma ya fito da ja-ja, tsatsa ta fara, sai ka maimaita daga jiƙawa.

Mazaunin harsashi a ba shi nasa lokaci. Ka naɗa tsumma a jikin buroshi ka murza a ciki. Yawancin kwanson da ke maƙalewa bayan harbi, har mutum ya koma zungura shi da sanda, tsatsar wannan wurin ce sanadi. Ka ɗaga haƙorin da ke zaro kwanso, ka sakace ƙarƙashinsa da tsinke. Ɗan datti kamar ƙwayar gero a nan yana hana bindiga rufuwa daidai.

Yawancin bindigogin Baikal an lulluɓe cikin bututunsu da kurom, wani farin ƙarfe mai hana tsatsa, shi ya sa suke jure sakaci fiye da tsofaffin na Ingila da Faransa. Amma rufin bai kai waje ba, kuma ko a ciki yana iya ɓarewa idan ya sha wuya.

Mataki na huɗu: uwar bindiga

Da buroshin haƙori da ɗan kananzir ka goge fuskar ƙarfen da gindin harsashi ke jingina. A tsakiyarta akwai ɗan rami inda allurar da ke dukan harsashi ke leƙowa. Ka riƙe uwar fuskar tana kallon ƙasa yayin gogewa, don kada ruwan dauɗa ya gangara cikin ramin. Ka share kwarin da bututu ke zama, da ƙusoshin da yake juyawa a kai, ka tsane komai da busasshen tsumma.

Ka dubi kan allurar. Ya kamata ya zama a mulmule. Idan ya yi tsini ko ya gutsure, yana iya huda gindin harsashi, iska mai zafi ta dawo baya wajen fuskarka. Wannan na magyari ne.

Mataki na biyar: mai, da inda ake sa shi

A nan ne ake ɓarna. Za ka ga bindiga tana naso, an tsiyaya mai ta ramin allura, an tsiyaya ta wajen kunama, har yana ɗiga a riga. Mai ita yana alfahari. Ga abin da ke faruwa a ciki: ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, laushinta ya kai ta shiga duk inda iska ke shiga. Idan ta tarar da mai sai su cakuɗe su zama wani baƙin kwaɓi mai kaifi, kamar toka da ruwan da ake dirje tukunya da su. Duk buɗewa da rufewa, kwaɓin nan yana cin ƙarfe. Bayan 'yan shekaru bindiga ta fara girgiɗi a gaɓarta. Man da ya shiga ramin allura kuma yana daskarewa da sanyin asuba, allura ta yi nauyi, ta bugi harsashi a sanyaye, ya ƙi tashi. Wanda ya gangara baya yana jiƙa katakon ƙota daidai inda ya haɗu da ƙarfe, ya yi baƙi, ya yi laushi, wata rana ya tsage.

Ƙa'idar ita ce a shafa, kada a zuba. Ɗigo uku ko huɗu a tsumma sun isa a goge dukan ƙarfen waje. Idan ka shafa yatsa ka ga ɗan sheƙi ba tare da jiƙewa ba, ya yi.

Giris wuri biyu zuwa uku kawai yake so: ƙusoshin gaɓa inda bututu ke juyawa, ƙugiyar da ke kulle bututu, da ƙarfen katakon gaba inda yake gogar uwa. Kamar kan ashana a kowane wuri. Kuma kafin ka sa sabo, ka goge tsohon tas, domin tsohon ne ke ɗauke da yashi. Sandar haƙorin zaro kwanso, ɗigo ɗaya. Cikin bututu, tsumma mai ɗan mai sau ɗaya idan za a ajiye, amma ranar fita sai ka bi da busasshe, musamman mazaunin harsashi. Mai a mazauni yana hana kwanso kama bango lokacin tashi, sai ƙarfin ya koma kan makulli.

Akwai man da ba ya kusantar bindiga. Man gyaɗa, manja da man kaɗe suna tsami su yi danƙo, bayan wata biyu sai ka tarar kunama ta yi tauri. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da ɓurɓushin ƙarfe da guba mai cin ƙarfe. Man birki yana jawo laima yana kuma cinye fentin katako. Fetur yana wanke dauɗa, gaskiya ne, amma yana barin ƙarfe tsirara, ga haɗarin gobara. WD-40, wanda aka haɗa a San Diego ta Amurka a 1953, aikinsa korar ruwa ne. Yana da amfani ranar da ruwan sama ya dake ka a daji, ka fesa a waje ka goge, amma bai daɗewa a jikin ƙarfe, kuma ba zai maye gurbin man bindiga ba.

Yanayi ke faɗin yawan mai. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da leɓe ke tsagewa don bushewar iska, tsatsa ba ta da ƙarfi, ƙura ce abokiyar gaba. Ka bar wajen bindiga kusan a bushe, ka yawaita karkaɗe ta da buroshi. Daga Yuni zuwa Satumba abin ya juya. A watan Agusta, sawun yatsa mai gumi yana iya zama jan tabo kafin gari ya waye. A wannan lokacin duk wanda ya taɓa ƙarfen, a bi sawunsa da tsumman mai, kuma ko ba a fita da ita ba a ciro ta duk mako biyu a duba.

Idan tsatsar ta riga ta hau, matuƙar sama-sama ce, ka jiƙa ta da mai ta kwana, ka goge da tsumma mai kaushi ko gefen kwanson tagulla. Kada ka sa samfefa. Zai cire tsatsar tare da baƙin rufin da ke kare ƙarfen, wurin ya fi da saurin kamuwa.

Mataki na shida: katako

Katako yana shan laima ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Shi ya sa a watan Janairu za ka ji ƙota tana ɗan motsi. Ka ɗaure kusoshin da ke waje daidai ƙarfin hannu, ba da ƙarfin tsiya ba. Ƙotar da ke motsi idan aka ci gaba da harbi da ita tsagewa take yi a wuya.

Ana goge katako da tsumma mai ɗan danshi, a bar shi ya bushe a inuwa. Sau ɗaya ko biyu a shekara, ɗigon man linsid, wanda ake samu wajen masu sayar da fenti, a murza da tafin hannu har ya yi ɗumi, a goge ragowar. Tsumman da ya sha man linsid kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a jiƙa shi da ruwa.

Mataki na bakwai: duba lafiyarta kafin ka haɗa

Leƙa bututu ta gindi da ta baki, kana juya shi a hankali. Lafiyayyen bututu zobban haske yake nunawa, zagayayyu a jere. Inda zobe ya karkace ko ya yi inuwa, akwai lotsawa ko kumburi. Ka bi wajen da tafin hannu, sau da yawa hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Kumburi, tsaga, ko ramukan tsatsa masu zurfi: a daina harbi da ita sai magyari ya gani.

Mai baki biyu tana da gwajinta. Rataye bututun a yatsa ta ƙugiyarsa, ka ƙwanƙwasa da farce ko ɗan katako. Idan haɗin bututun biyu lafiya yake, zai yi ƙara mai tsawo garau. Idan ya yi ƙara dusashe ko kakare, haɗin ya fara saki, kuma ruwa yana shiga tsakani yana cin ƙarfe a ɓoye.

Mayar da bututu kan uwa, ka rufe, amma kada ka sa katakon gaba tukuna. Riƙe ƙota ka girgiza. Bai kamata ka ji motsi ba. Ɗaga ta wajen haske ka dubi mahaɗar bututu da fuskar uwa. Idan haske yana ratsawa, ko siririyar takarda tana shiga, gaɓa ta ci. Masu dukan ƙugiya da guduma don ta matse, ɓoye ciwon suke yi na ɗan lokaci.

Bayan ka haɗa ta duka, ka sake tabbatar babu harsashi, ka sa maɓallin tsaro, ka ja kunama. Kada ta faɗa. Sannan ka ɗan buga gindin ƙota a kan tabarma. Idan guduma ta faɗa da wannan bugun, bindigar nan za ta iya tashi ranar da ka yi tuntuɓe. A ajiye ta.

Ka karanta abin da aka buga a ƙarƙashin bututu. Za ka ga 65, ko 70, ko 76: tsawon mazaunin harsashi ke nan da milimita. Harsashin 76 yana shiga mazaunin 70 sumul, domin bakinsa a naɗe yake kafin a harba. Sai ya tashi naɗin zai rasa wurin buɗewa, matsi ya hau fiye da abin da aka gwada bututun a kai. Haka kuma kada harsashin lamba 20, wanda galibi rawaya ne, ya shiga aljihu ɗaya da na lamba 12. Yana zamewa cikin bututun 12 ya tsaya a gaba, mutum ya ga mazauni wayam ya sa wani a baya. Tsofaffin bindigogi kuma ba a yi su don ƙwayoyin baƙin ƙarfe ba, sai na darma.

Da ka gama, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu ko ka ɗauki yaro. Darma guba ce mai taruwa a jiki, kuma yara ta fi yi wa illa. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar darma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, ya ishe mu sanin haka.

Ajiya

Kube na fata yana da kyau a hanya, amma ba wurin kwana ba ne. Fatarmu da bagaruwa ake jeme ta, tana riƙe laima, kuma tsamin jimar yana yi wa ƙarfe tabo. Jakar leda ko mai soso ma gumi take tarawa. A cire bindiga daga kube da an dawo gida. Idan ta jiƙe, a raba ta uku a goge, a bar ta ta sha iska a ɗaki, ba a rana ba, ba a bakin wuta ba.

Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗaure shi da bango, a ɗaga shi daga ƙasa saboda laima da gara. A jefa 'yan ƙunshin shan laima irin waɗanda ke zuwa a kwalin takalmi ko magani, a riƙa shanya su a rana. A tsayar da bindiga bakinta ƙasa a kan tsumma, don ragowar mai ya gangara nesa da katako. Harsashi a wani akwatin dabam da nasa kwaɗon, mabuɗan kuma a jikinka. Ƙarƙashin katifa da saman sif ba maɓoya ba ne, babu lungun gidan da yaro ɗan shekara takwas bai sani ba.

Sai zanzaro. Bindigar da aka rataye a bango bakinta a buɗe, gida ce ta samu a wajensa. Cikin 'yan kwanaki zai kwaso laka ya toshe bututun can ciki, daga waje ba ka ganin komai. Idan aka harba a haka bututu ya tsage, ya tafi da yatsun hannun hagu, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Leƙawa ɗaya kafin a sa harsashi da ta hana. Haka idan ka faɗi a fadama bakin ya taɓa ƙasa, ko harbi ya yi ƙara marar ƙarfi: tsaya, karya, leƙa. Idan kuwa ka ja kunama harsashi ya ƙi tashi, ka bar bakin yana kallon gaba ka ƙirga talatin kafin ka buɗe.

Masu bindigar toka

Tasu sharar dabam ce. Tokar baƙin albarushi gishiri ce mai jawo laima, kuma mai ba ya narkar da ita, sai ruwa. Ranar da aka harba, ranar ake wankewa: ruwan zafi da ɗan sabulu, a ɗura a zubar har ya fito fari, a ɗauraye da tafasasshe don zafin ƙarfen ya busar da shi, a goge, sannan a shafa mai. Kafin komai a zura sandar ɗuri a auna, a tabbata babu tsohon ɗuri a ciki. Kuma kada a kuskura a farke harsashin zamani a juye albarushinsa cikin bindigar toka. Ƙarfinsa ya ninka abin da bututun maƙeri zai iya ɗauka.

Masu ɗura wa kansu harsashi

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, inda doka ta ba mafarauta da masu wasan saiti damar riƙe su, waɗannan bindigogi sun daɗe. John Browning ya tsara Auto-5 tun 1898, Remington 1100 ta fito a 1963, ƙaramar raifil Ruger 10/22 a 1964. Ɗan'uwan da ke zaune can kuma yake da izini, duk abin da na faɗa ya shafe shi, da ƙari. Irin wannan bindiga da ƙarfin harbin take aiki, ko da iskar da ke biyo bayan harsashi ko da turin da yake yi baya, don haka dauɗa kaɗan tana tsayar da ita. Cire jakar harsashi bai isa ba, sai an ja baya an duba mazauni, domin ɗaya yakan rage a ciki.

Masu aiki da iska suna da ƙananan ramuka a ƙasan bututu da fistan, waɗanda ake kankare wa baƙin hayaƙi a bar su kusan a bushe, don mai yana ƙonewa a wurin. Ƙarfen da ke kai-komo da hanyoyin da yake bi kuwa suna son mai fiye da bindigar karyawa. Bututun raifil yana da zane a ciki, kuma gefen bakinsa shi ne ran saiti, sanda ta goge shi saiti ya tafi. Ruwan cire jan ƙarfe mai warin amoniya ba a barin sa a ciki fiye da abin da kwalbar ta ce. Littafin kamfani shi ne alƙali. Sojojin Amurka sun ga sakamakon raina wannan a Biyetnam, lokacin da aka raba musu bindigar M16 ba tare da isassun kayan shara ba, ga an sauya albarushi: bindigogi suka riƙa cijewa a fagen fama, har majalisar dokokin ƙasar ta yi bincike a 1967.

Abin da ya cancanci a ƙara mata

Kuɗin farko ya tafi kan akwati da kwaɗo. Na biyu kan abin toshe kunne da tabarau mai kauri. Ƙarar lamba 12 tana kai wa desibel 150 ko fiye a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali daga 140 harbi ɗaya yana iya lalata ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka lura da tsofaffin maharba, da yawansu sai ka ɗaga murya.

Bayan nan maratayi mai faɗi, wanda zai sakar maka hannu a hanya. Sai matashin roba a gindin ƙota, yana rage dukan kafaɗa, yana kuma gyara tsawo. Idan ka ɗaga bindiga zuwa kafaɗa, tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ke riƙe wuyan ƙota ya kamata a sami faɗin yatsa biyu ko uku. Ɗan ƙwallon saiti na bakin bututu idan ya faɗi, a mayar da irinsa.

Abin da ba a taɓawa: goge ƙarafan kunama don ta yi laushi, walda ko huda bututu, da yanke shi. Dokar Najeriya ta hana rage bututun irin wannan bindiga ƙasa da inci 20, kuma yankewar tana tafiya da tsukewar baki, wadda ita ce ke tara ƙwayoyi wuri ɗaya.

Kafin ka ce bindigarka na buƙatar wani ƙari, gwada ta a takarda, a wurin da aka yarda da harbi, da tudun ƙasa a baya. Kafa babban kwali a nisan mita 36, ka yi ɗigo a tsakiya, ka harba sau ɗaya. Zana da'ira mai faɗin santimita 76 a inda ƙwayoyi suka fi taruwa, ka ƙirga ramukan ciki. Baki mai cikakkiyar tsukewa yana zuba kusan kashi 70 cikin 100 a da'irar, marar tsukewa kusan kashi 40. Ka dubi kuma ko taron ya faɗa sama, ƙasa ko gefen ɗigon. Sauya kwali ka maimaita sau uku da kowane irin harsashi da kake saye, ka rubuta sunansa da lambar ƙwayarsa a jikin kwalin, domin bindiga ɗaya tana iya watsa wani iri da gibi ta tara wani iri tsaf. Wanda ya fi cika da'irar ba gibi, shi za ka riƙa saye.